Dattijon ya sa hannu ne don yana zaton ni likita ce

Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce 'yar shekara 20, ina aji uku a wata jami'a a birnin New York, burina in samu gurbin karatun likita. Sau biyu a mako ina aikin sa-kai na awa huɗu a sashen gaggawa na wani asibiti, cikin ɗaliban da ke taimaka wa masu bincike. Aikinmu mu nemo waɗanda suka zo da ciwon ƙirji, mu yi musu bayanin binciken, in sun yarda su sa hannu, mu yi musu tambayoyi, nas kuma ta ƙara ɗibar jini kaɗan. A ofishinmu akwai allo da ake rubuta yawan mutanen da kowa ya shigar, kuma ni ce ta ƙarshe. Kwanan baya da dare aka kawo wani dattijo, na ji yana salati yana magana da Hausa. Da na gaishe shi har ƙwalla ya yi, ya ce, "Alhamdu lillahi, likitar ma 'yarmu ce." Ban ce masa ni ba likita ba ce. Na gaya masa abin da ke cikin takardar a gurguje da Hausa, ya ce, "Duk abin da kika ce 'yata," ya sa hannu, aka ɗebi jinin. Na manta ban tambaye shi ƙarfe nawa ciwon ya fara ba, kafin in dawo an wuce da shi, sai na rubuta lokacin da na ga ya yi kama. Tun ranar ba na samun barci. In na faɗa ina tsoron a kore ni, in rasa wasiƙar shaidar da nake buƙata, ko ma abin ya taɓa bizata. Mamata ta ce in yi shiru tunda ba abin da ya same shi. Ni kuma ina ganin in ajiye aikin kawai. Yaya zan yi?

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya yi miki albarka, shi kuma dattijon Allah ya ba shi lafiya.

Za ki lura na cire wasu abubuwa daga wasiƙarki kafin in fitar da ita: ranar da abin ya faru, garin da dattijon ya fito, da sana'arsa. Hausawan New York ba su kai yawan da mutum zai ɓace a cikinsu ba. 'Yan Ghana ne ko 'yan Nijar ko 'yan Najeriya, a masallatan unguwannin Bronx da Harlem ake haɗuwa, a wajen suna da ta'aziyya ake ganin juna, bayani biyu sun isa a gane mutum. Dokar sirrin majinyaci ta Amurka, wato HIPAA ta 1996, ta hau kanki kamar yadda ta hau kan likita da nas, ko da ba a biyan ki ko sisi. Don haka ko Mama kada ki ƙara ba ta labarin da zai sa ta gane ko wane ne.

Ga amsata kai tsaye: ki je wurin mai kula da binciken ki gaya mata abin da ya faru, cikin makon nan. Ajiye aikin da kike tunani shi ma shiru ne, kuma ya fi wanda Mama ta ba ki shawara muni. Ke kin tafi, jinin dattijon yana nan a firji da lambarsa, lokacin da kika ƙaga yana nan a kwamfuta, kuma mutum ɗaya tak da ta san gaskiyar lamarin ta bar wurin.

Abu biyu ne suka faru a daren, kuma ina so ki raba su, domin kowanne da nauyinsa.

Na farko shi ne sa hannun. Kin fi ni sanin halin dattawanmu. Mutum yana kwance a ƙasar da ba tasa ba, an liƙa masa wayoyi a ƙirji, na'ura tana ƙara a saitin kansa, masu wucewa suna Turancin da ba ya kama rabinsa, shi kuma a ransa yana tunanin ko yau ce ranar. Sai ga yarinya da katin asibiti a wuya ta rusuna ta ce, "Baba sannu, yaya jikin?" Wallahi ko wace takarda kika miƙa masa a wannan lokacin zai sa hannu. Kara ya yi miki, ya kuma jingina da wadda yake zaton ita ce za ta duba shi. Bai san akwai wani abu daban wai shi bincike, wanda ba ya cikin maganinsa ba. Bai san yana iya cewa a'a, a ci gaba da kula da shi yadda da ma za a kula ba. Ke kin san tun 1986 dokar Amurka ta wajabta wa sashen gaggawa ya duba duk wanda ya zo, ya fitar da shi daga haɗari, da kuɗi ko babu. Shi kuwa ya tashi ne a inda ba a musu da mai farar riga, inda mara lafiya ke tsoron ya ce a'a a juya masa baya.

Ƙa'idar gwamnatin tarayya kan bincike da mutane, wadda suke kira Common Rule, ta 1991, abu biyu ta nema a nan ƙarara: a yi wa mutum bayani da harshen da yake fahimta, kuma a yanayin da ba a matsa masa ko a rinjaye shi ba. Ga wanda ba ya jin Turanci sosai, hanyar da aka sani ita ce takardar da aka fassara, kwamitin ɗa'ar bincike na asibitin ya amince da ita, ko kuma gajeriyar takarda da harshensa haɗe da cikakken bayani na baki a gaban shaida. Asibitoci da yawa kuma ba sa yarda kowa ya yi tafinta sai wanda suka tantance, ko da ta waya ne. Akwai wata ƙa'ida ta musamman tun 1996 da ta ba da dama a sa mutum cikin binciken gaggawa ba tare da izininsa ba, amma wannan ga wanda ba ya cikin hayyacinsa ne, kamar wanda zuciyarsa ta tsaya, kuma sai an tuntuɓi jama'ar yankin tun kafin a fara. Dattijonki idonsa biyu, yana magana, haƙƙinsa ne a tambaye shi tambaya ta gaskiya.

Na san a kwas ɗin da kuka yi kafin a ba ku kati an ambaci binciken Tuskegee, wataƙila kin wuce shafin da sauri don ki kai ga jarrabawa. Ki koma ki karanta shi a tsanake. Daga 1932 zuwa 1972 hukumar lafiya ta gwamnatin Amurka ta bi diddigin baƙaƙen fata 600 a jihar Alabama, 399 daga cikinsu suna ɗauke da ciwon tunjere. An ce musu ana yi musu maganin mugun jini ne, alhali kallon yadda cutar ke cin su ake yi, har bayan da penicillin ya zama sanannen maganinta ba a ba su ba. Abin da nake so ki lura da shi, wadda ta riƙe mutanen nan cikin binciken shekara da shekaru wata nas ce baƙar fata, Eunice Rivers. Ita ke ɗauko su a mota, ita ta san matansu da 'ya'yansu, ita suka yarda da ita domin tasu ce. Bayan asirin ya tonu aka yi dokar bincike ta 1974, sannan Rahoton Belmont na 1979 kan ɗa'ar bincike da mutane, waɗanda su ne tushen duk fom ɗin da kike yawo da shi a yau.

Mu kuma ba sai mun je Alabama ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau da ta kashe sama da mutum 11,000 a Najeriya, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Zana na Kano, a wani gwaji da ya ƙunshi yara kimanin 200. Yara 11 suka rasu. Kamfanin ya tsaya a kan cewa cutar ce ta kashe su, kuma an yi wa iyaye bayani da Hausa sun yarda da baki. Iyaye suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ne, su sun zaci magani ake ba 'ya'yansu. Daga baya ta bayyana cewa takardar amincewar kwamitin ɗa'a da aka nuna, bayan an gama aikin aka rubuta ta aka mai da kwanan wata baya. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Kafin nan, a 2003, da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a Kano, labarin Trovan yana cikin hujjojin da mutane ke kawowa, kuma yaran da ba su ji ba ba su gani ba su suka biya da ƙafafunsu.

Ba ina haɗa ki da waɗannan ba ne, Allah ya kiyaye. Kwalbar jini ɗaya da 'yan tambayoyi ba za su cutar da jikin dattijon ba, a nan Mama ta yi gaskiya. Na kawo su ne domin ki ga inda irin wannan ɓarna take shigowa: mara lafiya yana zaton magani ne, wani nasa da ya yarda da shi ya bar shi a kan zatonsa. Hausar da ta sa dattijon ƙwalla ita ce ta hana shi tambaya, shi ya sa amanar da ke kanki ta fi ta sauran ɗaliban nauyi.

Abu na biyu shi ne lokacin da kika rubuta, kuma ina ganin kin raina shi. A masu ciwon ƙirji abin da aka fi aunawa a jini shi ne wani sinadari da ake kira troponin, wanda ke fita daga naman zuciya idan ta ji rauni. Ba nan take yake hauhawa ba, yana ɗaukar awanni. Shi ya sa wanda ciwonsa ya fara awa ɗaya da ta wuce da wanda nasa ya fara tun safe, ba a karanta sakamakonsu iri ɗaya. Da irin waɗannan bayanan ake tsara wa likitoci ƙa'idar wa za a sallama ya tafi gida, wa za a kwantar. Gurbin da aka bari babu komai, masu lissafi sun san yadda za su yi da shi, ana samunsa a kowane bincike, ba abin kunya ba ne. Lambar da aka ƙaga kuwa tana zaune cikin sauran kamar ta gaskiya, ba mai iya gane ta. A ƙa'idar Amurka ƙirƙirar bayani yana cikin manyan laifuffuka uku na bincike, tare da sauya sakamako da satar aikin wani, kuskure na gaskiya kuma ba ya ciki. Mantuwar da kika yi kuskure ce. Cike gurbin da ka shi ne abin da ya kamata ki gaggauta warwarewa, kuma wadda ta kawo kanta da wuri ba ɗaya take da wadda aka kama bayan wata shida ba.

Kada ki shiga kwamfuta ki goge ko ki gyara a ɓoye. Manhajojin da ake tara bayanan bincike, irin su REDCap, suna ajiye tarihin duk wanda ya taɓa wani gurbi da lokacin da ya taɓa, gyaran ɓoye zai mai da ƙaramin abu babba. Kada ki buɗe fayil ɗinsa na asibiti don ki ga yadda ya ƙare, shi ma ana ganin wanda ya buɗe. Kada kuma ki nemi lambarsa ki kira shi da kanki ki ba shi haƙuri, duk da na san zuciyarki tana son hakan.

Ki tura wa mai kula da binciken saƙo gajere ki nemi ganin ta. Ki tafi da rubutu a hannu, lambar da aka ba shi a binciken kawai ba sunansa ba, da abu uku: ya ɗauke ki likita ba ki gyara masa ba, kin yi bayanin da Hausa ba tare da tafintan asibiti ko takardar da aka amince da ita ba, lokacin fara ciwon da ke cikin fom ƙiyasinki ne ba daga bakinsa ba. Ki faɗe su a jere yadda suke, ba kwana-kwana, ba kuma tsine wa kai. Abin da aka saba yi shi ne ta rubuta rahoton kauce wa ƙa'ida, shugaban binciken ya sanar da kwamitin ɗa'a, sannan ko dai a koma wa dattijon da tafinta a sake neman izininsa yadda ya kamata, ko a cire bayanansa a zubar da jinin. Ke kuma mai yiwuwa a sake yi miki horo, ko a haɗa ki da wani ya riƙa tsayawa tare da ke na ɗan lokaci. Ba zan yi miki alƙawarin ba za a sallame ki ba, don ba ni ce a kujerar ba. Amma masu wannan aiki sun saba ganin rahoton kauce wa ƙa'ida, abin da suke tsoro shi ne wanda aka ɓoye musu har masu binciken ƙwaƙwaf suka tono shi. In kuwa ta ce miki ki bar maganar kada ki ƙara tayar da ita, to akwai lambar kwamitin ɗa'a a jikin takardar izinin da kike raba wa mutane, ke ma kina da damar kiran ta.

Maganar biza: bizar ɗalibi a kan rajistarki ta cikakken karatu a jami'a take tsaye, ba a kan aikin sa-kai a asibiti ba. Inda za ki yi hattara shi ne idan aikin yana cikin kwas da ake ba ki maki a kansa, domin a nan dokokin jami'a kan gaskiya a karatu za su iya shigowa. Jami'o'i da yawa suna da ofishin sauraron koke da ke riƙe sirri, akwai kuma ofishin ɗaliban ƙasashen waje. Ki leƙa ki tambaya kafin ganawar in hankalinki zai fi kwanciya, amma kada tambayar ta zama hanyar jan ƙafa.

Wasiƙar shaida kuwa, ki tuna me ake so ta shaida. Makarantun likita suna da makinki da sakamakon MCAT, jarrabawar neman shiga karatun likita, a gabansu, ba sa buƙatar wani ya gaya musu kina da ƙwaƙwalwa. Abin da suke nema daga wanda ya yi aiki da ke shi ne ko za a iya barin ki ke kaɗai da mara lafiya da ƙarfe biyun dare. In wannan matar ta ƙi rubuta miki, kina da malamai, kina da sauran shekara guda a gabanki.

Allon nan na ofishinku bai yi mini ba ko kaɗan, kuma ina so ki faɗa musu haka cikin ladabi bayan ƙura ta lafa. Na fahimci dalilin da ya sa asibitoci ke ɗaukar ɗalibai: sashen gaggawa ba ya rufewa, likita da nas ba su da minti ashirin na zama su karanta wa mutum fom, in ba ɗalibai mutane da yawa za su wuce ba a tambaye su ba. Tsari ne mai amfani, ku kuna ganin asibiti da idonku, su kuma bincikensu yana tafiya. Amma in aka jera sunayen yara 'yan shekara 20 masu neman wasiƙa, aka ce ga na ɗaya ga na ƙarshe, an koya musu cewa a'ar mara lafiya faɗuwarsu ce. Abin da ya kamata a ƙirga shi ne mutum nawa kika je wa, nawa kika yi wa cikakken bayani, fom nawa kika cike ba kuskure. Wanda ya saurare ki ya gane ya ce ba ya so, aikinki ya yi kyau a kansa. Allon bai wanke ki ba, amma yana cikin labarin, kuma in ba a faɗa ba wata ɗalibar za ta faɗa ramin da kika faɗa.

Dalilin da ya sa na ce kada ki bar aikin shi ne ana buƙatar irinki a wurin. Waɗanda ba sa jin Turanci sau da yawa tsallake su ake yi a bincike saboda neman tafinta yana cin lokaci, sai a wayi gari an tsara ƙa'idojin magani ba tare da an auna irinsu ba. Ki tambaya ko asibitin yana da jarrabawar tantance ma'aikata masu harshe biyu, ki zauna ta. Ki tambaya ko za a iya neman kwamitin ɗa'a ya amince da gajeriyar takardar izini ta Hausa. Kuma daga yau, kowa kika je wa, Bahaushe ne ko ba Bahaushe ba, da wannan za ki fara: "Baba, ni ba likita ba ce, ɗaliba ce. Likitanka daban, yana nan zuwa. Abin da na zo da shi bincike ne, ba ya cikin maganinka. In ka ce a'a ba abin da zai ragu daga kulawar da za a yi maka, ni ma ba zan ji haushi ba." In kin gama bayani kada ki ce "Ka gane?" domin dattijo zai ce ya gane ko don kada ya ba ki kunya. Ki ce, "Baba, in ɗanka ya zo ya tambaye ka me yarinyar nan ta ce, me za ka gaya masa?" Amsarsa za ta nuna miki ko ya fahimta. In yana murƙususu, ko an ba shi allurar da ta sa shi gyangyaɗi, ki bar shi ki dawo, in kin dawo an wuce da shi shi ke nan.

Mama kuma kada ki yi musu da ita. Tsoro ne irin na uwa da 'yarta ke nesa a hannun hukumar da ba ta sani ba. Ki ce mata kin nemi shawara, an nuna miki cewa a tsarinsu wanda ya kai kansa ya fi wanda aka gano samun sauƙi, ki roƙe ta addu'a ranar da za ki je. In rashin barcin ya ci gaba bayan kin sauke maganar, ki je sashen ba da shawara na jami'arku, domin wanda ke kwana a sashen gaggawa yana ganin abubuwan da ba a saba gani a shekarunki ba, kuma ba lallai dattijon ne kaɗai ke hana ki runtsawa ba. Ki rubuto mini yadda kuka yi da matar.